Malama Saura-Tara

Ƙarar gwangwaninta ce ke riga ta isowa. Tun tana kwanar layi za ka ji shi, caras-caras, tsohon gwangwanin madara cike da marafan kwalba yana karkaɗawa a cikin jakar da ta rataya a kafaɗa. Maigadin makarantar ya ce shi bai taɓa sayen agogo ba, kuma ba shi da niyya. In ya ji caras-caras, ya san lokacin zare sakata ya yi.

Takan fara tsayawa wurin mai shagon bakin titi, wanda ke tara mata marafan lemon kwalba a leda. Ta karɓa, ta duba su ɗaya bayan ɗaya, ta mayar masa da duk wanda ya lanƙwashe ko ya yi tsatsa.

"Haba Malama, kyauta ce fa. Har da zaɓe?"

"A hannunka kyauta ce. A hannun yarana wuƙa ce."

Ajinta shi ne na ƙarshe a jere, kusa da famfo. Ta buɗe tagogi, ta tokare wadda ba ta tsayuwa da dutsen da ya fi wasu malaman daɗewa a makarantar. Ta wanke marafan a roba, ta shanya su a kan tsumma, sannan ta bi benci-benci tana ajiye wa kowane yaro goma. A tsakiyar kowane benci kuma ta ajiye ɗan ƙaramin kwano. Sai ta share allo, ta kaɗe hannu, ta tsaya a bakin ƙofa tana jiran 'yan aji ɗaya su shigo da majinarsu da takalmansu na hagu a dama.

Haka take yi tun ina da gashi a kaina. A ƙarshen zangon nan ta ajiye alli, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Sunanta na yanka yana nan a takardun ofis, amma ko shugaban makaranta sai ya yi tunani kafin ya tuno shi. Kowa Malama Saura-Tara yake ce mata, kuma ita ta jawo wa kanta. Duk shekara, ranar da za a fara darasin ɗebewa, takan ɓoye hannayenta a baya, ta tambayi aji:

"Yatsun hannun mutum nawa ne?"

"Gomaaa!"

"Kun tabbata?"

"Eee!"

"To ku ƙirga nawa."

Sai ta ɗaga hannu biyu. Yara su fara da ƙarfinsu, ɗaya, biyu, uku, har su kai tara, sai muryoyin su yanke kamar an ɗauke wuta. Autan yatsun hannunta na hagu babu shi, sai ɗan dungulmi. Takan bar shirun ya ɗan zauna, sannan ta ce, "Goma a ɗebe ɗaya?" Wani mai ƙarfin hali daga baya ya ce, "Saura tara." Ta ce, "Ka gama lissafin yau, sai ka taya na kusa da kai."

Ina yatsan ya tafi? Wannan ya danganta da shekarar da ka yi ajinta. A zamaninmu kada ne ya cinye. Ƙannenmu an ce musu akuya ce ta ɗauka a zaton karas ne. Akwai shekarar da ta ce ta ara wa wata maƙwabciya ne, har yau ba ta dawo da shi ba, kuma da ta faɗi haka sai da ta leƙo ta taga ta dube ni, ina tsaye na kawo ɗana makaranta. Ta san abin da take yi. Ita ce ta raɗa mini suna Sarkin Aro tun ina ajinta, don na taɓa jin 'yan babban aji suna cewa "ba za ta yiwu ba, sai mu aro ɗaya," abin ya burge ni, na riƙa aro ko a biyar a ɗebe biyu. Sunan ya bi ni har gidan aure. Maƙwabcina, wanda har yau tsaninsa yana gidana, zai ba da shaida.

Dokokin ajinta biyu ne, kuma duk wanda ya zauna a kan waɗannan bencina ya haddace su. Ta farko: ba abin da ya tafi aka tambaye ka ba, abin da ya rage aka tambaye ka. Ta biyu: abin da aka ɗebe ba a jefar da shi. In an ce bakwai a ɗebe uku, za ka ɗauki marafa uku ka sa su a hankali cikin ɗan kwanon nan, wanda take kira kwanon matafiya, sannan ka dawo ka ƙirga na gabanka. Wani yaro ya taɓa ɗebe nasa ya wurga ta taga, don ya nuna ya gane sosai. Ta tura shi ya nemo.

"Ɗebe shi aka ce. Ba a ce ka kore shi daga duniya ba."

Wannan yaron yau makanike ne, da furfura a gemunsa. In ka je garejinsa za ka ga duk notin da ya kwance daga inji yana sa shi a wani tsohon kwano, kuma in yaransa suka watsar da ɗaya a ƙasa, za ka ji yana faɗa: "Kai, ina kwanon matafiya?" Ba su san inda ya samo kalmar ba. Ni na sani, don benci ɗaya muka zauna, kuma ni na taya shi neman marfin a cikin ciyawa.

Irin waɗannan labaran suna da yawa, kowa da nasa. Amma wanda ya sa na kasa yin shiru, a gidana ya faru, a shekarar nan tata ta ƙarshe.

Ƙanwata ta rasu kafin a koma makaranta, Allah ya jiƙanta. Ta bar miji da yara biyu, namiji ɗan aji huɗu da ƙanwarsa da za ta shiga aji ɗaya. Mijin direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya fiye da gida, don haka yaran suka dawo wurina. Ita ƙaramar Aku muke ce mata, saboda surutu. Yarinyar da in ta fara ba ka labarin kyanwar maƙwabta, sai shayinka ya huce, ka sake dafa wani, ya sake hucewa. Daga ranar da aka fita da uwarta, Aku ta rufe baki. Ba ta kuka, ba ta rigima, tana cin abinci in an ba ta. In dole ta kama, sai ta ja rigar yayanta ta raɗa masa a kunne, shi ya faɗa mana.

A aji, Malama ta lura da wani abu. In an ba da tarawa, Aku ce ke fara gamawa, kuma babu kuskure. Uku a tara da ɗaya, huɗu. Biyar a tara da biyu, bakwai. Amma da aka shiga ɗebewa, sai ta riƙa mayar da lambar farko yadda take. Shida a ɗebe biyu, ta rubuta shida. Huɗu a ɗebe ɗaya, ta rubuta huɗu, ta danna fensir har ya huda takarda. Marafanta goma suna jere a gabanta, ba ta taɓa kai ko ɗaya kwanon matafiya ba.

Ni kuma, a matsayina na kawu mai ilimi, na ce wannan ƙaramin aiki ne. Na sayo lemo huɗu, na jera a faranti, na ɓare ɗaya na shanye a gabanta, na ce, "To Aku, saura nawa?" Ta dubi farantin, ta dubi tumbina, ta tashi ta shige ɗaki. Na sake gwadawa da ayaba. Mako bai ƙare ba, matata ta ce in daina, don darasin ni kaɗai yake yi wa amfani, kuma wandona ya fara shaida.

Da ubanta ya dawo daga tafiya ya ga takardun, ya daɗe zaune a tsakar gida yana juya hularsa a hannu. Mutumin kirki ne, gajiya ce da baƙin ciki suka yi masa yawa. Ya ce ya yanke shawara. Yana da yaya a wani gari mai nisa, ba ta da ƙananan yara, ta ce a kawo mata Aku ta riƙe. Wataƙila canjin wuri ya buɗe mata baki. Namijin zai zauna wurina, don kada karatunsa ya katse.

Washegari muka je tare don ya sanar da makaranta. Malama ta saurare shi a bakin ƙofar aji har ya gama, ba ta katse shi ba. Sannan ta ce:

"Baban Aku, ku nawa ne a gidanku da?"

"Mu huɗu ne, Malama."

"Aka ɗebe ɗaya."

Ya sunkuyar da kai.

"Yarinyar nan ta san amsar. Wanda ya san uku da ɗaya huɗu ne, ya san huɗu a ɗebe ɗaya. Ba kasawa ta yi ba, ƙi ta yi. To yanzu ita da ta ƙi yarda an ɗebe mata ɗaya, maganin da za mu yi mata shi ne mu ƙara ɗebe mata biyu? Kai ka tafi, yayanta ya tafi, saura ita kaɗai?"

"To ya zan yi, Malama? Ina kallonta tana bushewa kamar itace."

"Ka ba ni ita zuwa ƙarshen zango. In ba ta motsa ba, ni da kaina zan ɗaure mata kaya."

Ya dube ni. Ni kuma na gyaɗa kai da alamar mutumin da tun farko ra'ayinsa ke nan. Malama ta ce, "Sarkin Aro, kai kuma ka bar yi mata darasi, na ji labari."

Ba ta matsa wa yarinyar ba. Ba ta ƙara mata aiki ba, ba ta tsayar da ita gaban allo ba, ba ta ma sake sa mata jan biro a takarda ba. Abin da ta yi kawai, ta ce tana neman mai taya ta wanke marafa in an fita hutun tara, kuma Aku ta zaɓa. Sauran yara suna can suna tsalle-tsalle, su biyu suna tsugune a gindin famfo, hannu huɗu a cikin roba, babu mai cewa uffan. Aka yi makonni a haka. Zango yana ta gajarcewa, uban yana bugo waya daga hanya yana tambaya, ni ina ce masa ana samun ci gaba, don ban san me zan ce ba.

Abin da ya faru a gindin famfon nan, daga bakin Aku na ji shi, kuma na ji shi har na haddace.

Malama ta daɗe da lura cewa idon yarinyar ba a kan marafan yake ba, a kan hannunta na hagu yake. Sai ta riƙa barin hannun a gefen roba, a buɗe. Ran nan Aku ta miƙa ɗan yatsanta ta taɓa dungulmin.

"Malama." Muryar ta fito a dushe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. "Da gaske akuya ce ta cinye?"

Da wata malamar ce, da ta yi kabbara ta kira shugaban makaranta. Ita ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ci gaba da cuɗa marafa.

"A'a. Ƙofar mota ce. Ina yarinya kamar yayanki. Aka rufe, hannuna yana ciki."

Duk tsawon shekarun nan, wannan ne karo na farko da wani ɗan aji ɗaya ya ji gaskiyar maganar.

"Zai dawo?"

"Ba zai dawo ba."

Ruwa yana ɗiga daga famfo. Aku ta ɓata fuska.

"To me ya sa kike cewa tara? Ai naki ne. Goma ne."

"Nawa ne, har gobe. Kin san wani abu? Wani lokacin ƙaiƙayi yake yi mini. In kai hannu zan sosa, in tarar da iska."

"Alhali ba ya nan?"

"Alhali ba ya nan. Ban taɓa kwana na tashi na manta da shi ba. Amma dubi waɗannan." Ta baza yatsun a kan ruwan. "Su suka tashi da ni yau. Su suka ɗaura mini ɗankwali, su za su riƙe alli in an koma aji. In na ce goma, ban ƙirga su daidai ba, kuma suna nan suna jira a ƙirga su. In na ce tara, ban zagi na goman ba. Ya san wurinsa."

Sai ta tsamo marafa huɗu ta jera a bakin robar, ta jawo kwanon matafiya kusa. Aku ta daɗe tana kallonsu. Can ta ɗauki ɗaya. Ta kai hannu wajen kwanon, ta tsaya, ta damƙe shi a tafinta.

"Dole sai na sa ta a kwano?"

Marfi namiji ne a bakin kowa. A bakin Aku, ranar, "ta" ne. Malama ta ji, kuma ba ta gyara mata nahawu ba.

"Sa ta inda kike so."

Yarinyar ta zura marfin a aljihun gaban rigarta, ta dafe wurin da hannu.

"Saura?" in ji Malama, a hankali.

Aku ta taɓa na farko. "Baba." Ta taɓa na biyu. "Yaya." Ta taɓa na uku. "Ni."

"Da lamba fa?"

"Uku."

Daga nan kukan da ta riƙe tun ranar rasuwar ya ɓalle. Maigadi ya ce ya taho da gudu a zaton wani ya faɗi, ya tarar da Malama zaune a ƙasa cikin jiƙaƙƙen siminti, zanenta duk ruwa, ta rungume yarinyar da yatsu tara. Ta ɗaga masa gira, ya juya ya koma bakin ƙofarsa.

Ba a rana ɗaya komai ya gyaru ba, kada in yi muku ƙarya. Amma daga ranar Aku ta fara ɗebewa, bisa sharaɗinta: nata matafiyan ba sa shiga kwano, aljihu suke shiga. Malama ta yarda, ta karya dokar da ta fi shekara talatin tana tsaronta. Matata ce ta sha wahalar hukuncin, don duk ranar wanki sai ta zazzage marafa daga aljihu kamar mai shago. Guda ɗaya ne Aku ba ta yarda a taɓa. Yana ƙarƙashin matashinta.

Da uban ya dawo ƙarshen zango, bai kai ga tambayar sakamako ba. Tun daga zaure ya ji wata murya tana ba matata labarin yadda kyanwar maƙwabta ta haifi biyar, aka ba da biyu, saura uku, kuma ɗaya daga cikin ukun ta yi kama da Kawu in ya tashi daga barci. Ya tsaya cak, jakarsa a hannu.

"Wa ya kunna rediyon nan?" ya ce.

Maganar kai ta wurin gwaggo ba a sake tayar da ita ba. Yanzu shayina ya koma hucewa, kuma ban taɓa jin daɗin shayi mai sanyi irin na bana ba.

Ranar da Malama za ta yi sallama da ajinta, ta hana a yi taro. Ta ce darasi za ta yi kamar kullum. Amma magana ta riga ta zaga, muka taru a bayan tagogi kamar masu leƙen biki: makanike da kayan aikinsa a jiki, mai shago ya rufe shagonsa, iyaye mata da goyo, wasu da furfura, wasu irina da babu abin da zai yi furfurar. Ana cikin darasi Aku ta ɗaga hannu.

"Malama, aji ɗaya a ɗebe Malama, saura me?"

Malama ta ajiye alli, ta kaɗe hannu.

"Abin da ya rage kike tambaya? Ku juya ku ƙirga."

Yaran suka juya. Suka fara da sabuwar malamar da za ta gaje ta, wadda ke tsaye a lungu, ita ma tsohuwar 'yar wannan ajin ce. Suka ƙirga kansu. Suka bi tagogi suna nuna mu da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, har suka zo inda lambobinsu suka ƙare, mutane ba su ƙare ba.

"Malama, sun wuce inda muka iya!"

"To," ta ce, tana miƙa wa sabuwar malamar gwangwanin, "wannan aikin aji biyu ne."

Ke ce, Malama. Ke ce Saura-Tara, da aka ɗebe miki ɗaya kika tara jama'a. Ke ce kika ɗauki abin da wata za ta ɓoye a cikin mayafi, kika ɗaga shi sama a gaban yara, kika mai da shi allo. Mun zo wurinki muna zaton lissafin marafan kwalba za a koya mana, ashe guzuri kike ɗaure mana. Duk wanda ya kai shekaruna ya san rayuwa ta fi yawan ba da ɗebewa fiye da tarawa, kuma ba ta ba da sanarwa kafin jarrabawa. Na binne iyaye, na binne ƙanwa. Duk lokacin da na tsaya ina kallon gurbin, muryarki ce ke zuwa ta ce in juyo in ƙirga na gabana.

Mun gode. Gidanmu ya gode, Aku ta gode, kuma za ta zo ta faɗa miki da bakinta, sai ki tanadi lokaci. Allah ya ba ki lafiyar cin hutunki, ya sa yatsun nan tara su huta da alli su koma shafa kan jikoki.

Ku kuma da kuke tsaye gaban allo yau, da masu shirin tsayawa gobe, ba a ce ku je ku sa hannu a ƙofar mota ba. Amma in kun ga yaro ya rubuta huɗu a inda ake neman uku, kafin ku zaro jan biro, ku tsuguna ku tambayi kanku su nawa ne a gidansu. Kuma in akwai wata malamar aji ɗaya a layinku da ke wucewa kullum ba a ce mata sannu, ku ce mata tun tana jin ku.

Abu na ƙarshe, Malama. In sabuwar malama ta ƙirga marafan gwangwanin ta ga babu ɗaya, kada a zargi yara. Sarkin Aro ne. Yana aljihun gaban rigata, kuma kada a jira dawowarsa.